Idan fuska ba ta faɗi labarin zuciya ba

A shekarar 1985, wasu masana halayyar ɗan Adam su uku a Landan, Simon Baron-Cohen da Alan Leslie da Uta Frith, suka riƙa zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya suna yi musu wasa da 'yan tsana biyu. Ɗaya sunanta Sally, tana da kwando, ɗayar Anne, tana da akwati. Sally ta saka ɗan dutsen wasanta a kwando ta fita. Kafin ta dawo, Anne ta ɗauke dutsen ta ɓoye a akwatinta. Sai a tambayi yaro: idan Sally ta dawo, ina za ta nemi dutsenta? Amsar da ake so ita ce kwando, domin Sally ba ta ga abin da aka yi a bayan idonta ba. Cikin yara 27 da ba su da wata lalura, 23 sun ce kwando. Haka 12 cikin 14 masu lalurar Down, wadda ake haifar yaro da ita tana jinkirta masa fahimta. Amma cikin yara 20 masu otizim, wato lalurar galahanga, 16 akwati suka nuna, wato inda dutsen yake a zahiri.

A kan wannan ɗan gwajin aka gina ra'ayin da ya yi shekaru yana jan ragamar fannin, cewa mai otizim ba ya iya hasko abin da ke cikin ran wani. Ra'ayin ya fito daga ɗakin bincike ya shiga littattafan koyar da likitoci da malaman makaranta, daga nan ya faɗa bakin jama'a, a hanya kuma ya yi ta kumbura har ya koma "ai ba su da tausayi". Tambayar da aka daɗe ba a yi ba ita ce ta ɗaya ɓangaren: mu da ba mu da otizim, mun iya karanta abin da ke ransu? An yi ta auna yadda suke kasa gane mu, mai riƙe da ma'aunin kuwa bai taɓa auna kansa ba.

Lalurar otizim, wadda wasu kafafen labarai na Hausa ke kira galahanga, bambanci ce a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun yaro yana ciki. Tana bayyana a yadda mutum yake magana da cuɗanya da jama'a, a yadda ƙara da haske da taɓawa suke shigarsa, da kuma yadda hankalinsa kan kafe a kan abu guda yana son komai ya tafi yadda ya saba. Gado ne ya fi rinjaye a sanadinta: wani bincike na 2019 da ya bi mutane sama da miliyan 2 a ƙasashe 5 ya ƙiyasta rabon gado a kusan kashi 80 cikin 100. Ba ta da alaƙa da rashin tarbiyya, ko sanyin zuciyar uwa kamar yadda aka yi shekaru ana ɗora wa iyaye mata a Amurka bayan Leo Kanner ya bayyana lalurar a 1943, balle shafar aljanu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum 1 cikin 127 yana da ita. Da wuya a sami unguwar da babu mai ita, ko an san sunanta ko ba a sani ba.

Wanda ya juya tambayar shi ne Damian Milton, masanin zamantakewa ɗan Birtaniya, a wata maƙala da ya wallafa a 2012. Shi kansa mai otizim ne, yana kuma da ɗa mai otizim, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya ce bai da sarƙaƙiya. Idan mutum biyu da suke jin duniya ta hanyoyi mabambanta suka haɗu, kowannensu zai sha wahalar gane ɗan'uwansa. Giɓin yana tsakaninsu, ba a cikin kan mutum ɗaya yake ba. Amma tun da ɓangare ɗaya ya fi yawa, shi ke rubuta littattafan likitanci, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke yanke hukuncin wane ne mai ladabi, sai aka sa wa gazawar 'yan tsirarun suna aka kira ta alamar ciwo, gazawar masu yawan kuma ko lura da ita ba a yi ba.

Da maganar ta tsaya a hasashe da an ce ra'ayinsa ne. Sai gwaje-gwaje suka fara biyo baya. A 2016, Rosanna Edey da abokan aikinta a Landan suka ba manya masu otizim da marasa otizim wasu 'yan siffofi biyu masu kusurwa uku, suka ce su motsa su a kan tebur yadda za su nuna lallashi, ko zolaya, ko ba-zata. Aka ɗauki bidiyon motsin aka nuna wa wasu. Marasa otizim sun fi gane abin da 'yan'uwansu marasa otizim suke nufi, da aka zo kan na masu otizim sai suka yi ta kuskure. Wato makantar da aka ce ta mutum ɗaya ce, ga ta a wajen ɗayan ma.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Noah Sasson na Jami'ar Texas da ke Dallas, a 2017. An nuna wa ɗalibai gajerun bidiyo na kusan daƙiƙa 10 na manya masu otizim da marasa otizim suna gabatar da kansu, ba tare da an faɗa musu wane ne wane ba. Cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙi ɗaliban suka yanke cewa masu otizim ɗin ba su burge su ba, ba su kuma cika son su zauna kusa da su ko su yi hira da su ba. Da aka ba wasu ɗaliban rubutaccen abin da mutanen suka faɗa kawai, babu hoto babu murya, sai bambancin ya ɓace. Maganarsu ba ta da aibi. Yanayin murya, tsayuwar jiki da motsin fuska ne suka sa aka rufe ƙofa tun kafin su kai ƙarshen jimlar farko. A nan ne dalilin kaɗaicin da yawa daga cikinsu yake fitowa fili: ana cewa ba sa son shiga mutane, alhali mutane sun riga sun ja da baya tun daga nesa. Wanda kuma ba a zama da shi, ina zai koyi zama da mutane?

A 2020, Catherine Crompton ta Jami'ar Edinburgh ta tara mutane 72 ta kasa su jeri 9, kowane jeri mutum 8. Jeri 3 duka masu otizim ne, 3 duka marasa otizim, 3 kuma gauraye. Aka ba mutum na farko wani labari mai ƙunshe da bayanai 30, shi ya faɗa wa na biyu, na biyu ya faɗa wa na uku, har ƙarshen jeri. Da tsohon ra'ayi gaskiya ne, da labarin ya fi lalacewa a jerin masu otizim zalla. Ba haka ta faru ba. Sun isar da shi daidai da marasa otizim, a jerin da aka gauraya ne ya fi zubewa. Wannan sakamako ya yi tashe ƙwarai. Sai dai dole a ƙara da abin da ya biyo baya, domin masu yaɗa shi sukan tsallake: a 2025 Crompton ɗin da kanta ta maimaita gwajin da mutane 311 a Edinburgh da Nottingham da Dallas, wannan karon kuma jerin da aka gauraya bai fi sauran asarar labari ba. Abin da ya tsaya daram a gwaji biyun shi ne masu otizim ba su gaza kowa isar da magana ba. Gwajin na biyu ya kuma nuna cewa zama ya fi daɗi idan an san wane ne mai otizim a cikin masu hirar. Ni a ganina wannan gyaran bai raunana hujjar Milton ba, ya dai nuna inda matsalar ta fi zama: ba a fahimtar kalmomi take ba kamar yadda take a jituwa da kyautata zato.

To ta yaya ake saɓanin a zaman yau da kullum? Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma tsakanin mutanen da fuskokinsu suke magana da harshe ɗaya, karin maganar yana aiki. Fuskar mai otizim kuwa sau da yawa ba ta bin wannan ƙa'ida. Yana iya kasancewa cikin matsanancin baƙin ciki a gidan makoki fuskarsa a sake kamar ba abin da ya faru, ko murmushin ruɗewa ya suɓuce masa a inda bai dace ba. Yana iya jin daɗin kyautar da aka ba shi har cikin ransa ya karɓa ya ajiye ba tare da fara'ar da mai bayarwa yake jira ba. Mai kallo ya tambayi fuska, fuska ta ba shi amsar da ba ita ce a zuciya ba, ya tafi yana cewa yaron nan ba shi da imani.

Batun ido ya fi nuna cewa rabin hukuncin a wajen mai kallo yake. A Turai da Amurka, rashin kallon mutum ido cikin ido yana daga alamun da ake fara lura da su, har an yi shekaru ana horar da yara su riƙa kallon idon mai magana. A ƙasar Hausa yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba shi ne mai kunya, wanda ya ƙura wa babba ido shi ake kira mara ta ido. Ɗabi'a ɗaya ce, can alamar ciwo, nan alamar ladabi. A 2017 Nouchine Hadjikhani da abokan aikinta a Boston suka duba ƙwaƙwalwar masu otizim yayin da aka tilasta musu kallon idanun fuskokin da ake nuna musu, suka ga sassan da ke tashi lokacin fargaba sun yi aiki fiye da kima. Da yawa daga cikinsu sukan ce sun fi jin magana idan suna kallon gefe. Malamin da ya daka wa irin wannan yaro tsawa, "Kalle ni idan ina maka magana!", ya sami idon ya rasa kunnen.

Inda al'adarmu take kama shi shi ne wajen magana a lulluɓe, domin mun ƙware a faɗin abu ba tare da an faɗe shi ba. Kara, kawaici, alkunya, hannunka mai sanda, gugar zana, duk darussa ne da ba a zaunar da kowa a koya masa, ana tsintarsu ne a iska. Baƙo ya tarar ana cin abinci aka ce masa bismilla, ya san wani lokaci amsar ita ce "alhamdu lillahi, a ƙoshe nake" ko da yunwa na cinsa. "Zan duba" sau da yawa a'a ce. "Dare ya yi fa" sallama ce. A ɗauki misalin ranar suna. Gwaggo ta shigo da sabon ɗinki, ta dubi ɗan ƙanenta, saurayi mai otizim, ta ce, "Kai, ya ka ga ɗinkin nan?" Ya tsaya ya duba da kyau, ya ce, "Gwaggo, telan ya karkata wuyan, kuma kalar ba ta karɓe ki ba." Ɗaki ya yi tsit. Uwarsa ta yi sauri ta ce, "Don Allah Yaya ki yi haƙuri, haka yake." Gwaggo ba batun tela ta tambaya ba, so take ta ji an yi murna da zuwanta, shi kuwa bai ji wannan ba. Amma ita ma akwai abin da ya wuce ta. Ya ɗauki tambayarta da muhimmanci, ya ɓata lokacinsa ya duba, ya faɗa mata gaskiya don kada ta fita da karkataccen wuya, kuma a wajensa haka ake yi wa wanda ake ƙauna. Kowannensu ya miƙa alheri ɗayan bai gani ba. Da taro ya watse, shi kaɗai za a yi wa faɗa.

Haka ake saɓawa wajen jaje. Ka kawo masa kukanka, sai ya ba ka labarin lokacin da irin haka ta same shi, kai ka ji kamar ya ƙwace hirar ya mayar kansa, shi kuma hujja yake kawo maka cewa ya san zafin. Ko ya tsallake "sannu" ya tafi kai tsaye ga yadda za a gyara. A 2005, Dinah Murray da Mike Lesser da Wenn Lawson suka kawo bayanin da masu otizim da yawa suka ce ya yi daidai da abin da suke ji: hankalinsu yakan zuba gaba ɗaya a hanya guda, maimakon ya rarrabu kaɗan-kaɗan a wurare da yawa. Hira ta mutane da yawa tana buƙatar bin kalmomi da murya da fuska da sanin lokacin da za ka sa baki, duk a lokaci ɗaya. A ƙara da lasifikar gidan biki, rurin janareta, hayaƙin turaren wuta da sabuwar shadda mai ƙaiƙayi a wuya. Idan ya toshe kunne, ko ya shiga jijjiga jiki yana kaɗa hannu, ko ya sulale ya fita, ƙoƙarin riƙe kansa yake yi. Dangi su kuma su fassara shi da girman kai.

Kowane ɓangare yana kuskuren karanta ɗayan, amma kuɗin kuskuren ba daidai ake biya ba. Mai otizim da yake son aiki ko aure ko zaman lafiya a aji, tilas ya zama tafinta tsakaninsa da kowa, yana fassara maganar mutane zuwa tasa, yana mayar da tasa zuwa tasu, daga safe har dare, babu mai karɓarsa. A 2017 Laura Hull ta tambayi manya 92 masu otizim yadda suke ɓoye halinsu. Sun ba da labarin haddace jimlolin hira tun daga gida, kwaikwayon dariyar wasu, kallon tsakanin gira don a zaci ido suke kallo, da danne motsin jikin da ke kwantar musu da hankali. Abin da suka fi ambata a sakamakonsa shi ne gajiya mai tsanani, da jin sun daina sanin su wane ne su. Mata sun fi yin wannan ɓoyon, yana kuma cikin dalilan da ake daɗewa ba a gano lalurar a wajensu ba. A 2018 Sarah Cassidy ta gano alaƙa tsakanin yawan ɓoye hali da tunanin kashe kai. Tun a 2014 ta riga ta ruwaito cewa cikin manya 374 da aka gano lalurarsu a wani asibiti a Ingila, kashi 66 cikin 100 sun taɓa yin wannan tunanin. Idan aka yaba wa mutum da cewa "ai ko alama ba a ganewa", yana da kyau mai yabon ya san abin da aka biya kafin a kai ga haka.

A asibiti kuskuren yana iya cin rai. Mary Doherty, likita a Ailan kuma mai otizim, ta jagoranci wani bincike a 2022 inda kashi 80 cikin 100 na manya masu otizim suka ce zuwa ganin likita yana yi musu wuya, a kan kashi 37 na marasa otizim. Fiye da rabi sun ce ba a fahimtarsu. Wanda fuskarsa ba ta nuna ciwo, akan ɗauka ciwon bai kai ba. Oliver McGowan, saurayi ɗan shekara 18 mai otizim da farfaɗiya, ya rasu a Bristol a watan Nuwamba na 2016 bayan an ba shi wani maganin taɓin hankali, duk da shi da iyayensa sun faɗa cewa irin magungunan ba sa karɓarsa. Mahaifiyarsa Paula ta yi ta fafutika har dokar lafiya ta 2022 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya da na kula da jama'a a Ingila samun horo a kan otizim. Horon da gwamnati ta tsara yana ɗauke da sunan Oliver, kuma masu otizim suna cikin masu koyarwa.

Akwai masu sukar wannan fahimta, kuma sukarsu tana da tushe. Kusan duk gwaje-gwajen nan an yi su ne da manya masu magana, waɗanda ba su da raunin fahimta. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na 2023 sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na yara masu otizim suna cikin rukunin da ba sa magana ko kaɗan ko sai kaɗan, ko suke da raunin fahimta mai tsanani. Uwar da ba ta barci saboda ɗanta yana buga kansa da bango, ba za a ce mata matsalarta saɓanin salo ce kawai ba. Otizim naƙasa ce ta gaske ga mutane da yawa, kuma koya wa yaro gaisuwa da jiran layi da yadda zai nemi taimako gata ne. Haka nan mai otizim yana iya ɓata wa mutum rai da gaske, ya kuma kamata a faɗa masa. Duk da haka ina ganin yaron da ba ya magana shi ya fi kowa buƙatar a iya karanta shi, tun da ba shi da bakin gyara fassarar da aka yi masa. Ihun da aka ɗauka taurin kai ne yana iya zama ciwon haƙori, ko ciwon kunne, ko kwan fitila mai ƙyaftawa. Kusanci ma ba ya hana kuskure. Brett Heasman da Alex Gillespie sun gano a 2018 cewa 'yan'uwan masu otizim sukan zarce wajen ɗaukarsu masu kallon komai ta fuskar kansu kawai, alhali su masu otizim ɗin sun yi hasashen daidai cewa danginsu za su ba su maki ƙasa idan aka ce su auna halayensu.

Gyaran da ake nema a ɓangarenmu ba mai tsada ba ne. Sasson ya sake gwajinsa ya ga cewa idan an faɗa wa masu kallo mutumin yana da otizim, ra'ayinsu a kansa yana gyaruwa, musamman waɗanda suka san wani abu a kan lalurar. Wani gwaji na 2021 a jami'arsa ya nuna gajeren horo yana rage ƙyamar da mutum ya san yana yi, amma bai taɓa wadda ke ɓoye a ƙasan zuciya ba, wato jawabi na rana ɗaya ba ya wadatarwa. A Birtaniya, inda rahoton gwamnati na 2024 ya ce kusan 3 cikin 10 ne kawai na masu otizim da suka isa aiki suke da aikin yi, Katie Maras ta Jami'ar Bath ta gwada sauya tambayoyin ganawar ɗaukar aiki. Maimakon tambaya mai faɗi irin "ba mu labarin kanka", sai a kasa ta gida-gida, a faɗi ainihin abin da ake son ji, a kuma ba mai neman aikin tambayoyin a rubuce a gabansa. Ƙwararrun da suka saurari amsoshin sun ba masu otizim maki sama da na da, giɓin da ke tsakaninsu da saura ya ragu, marasa otizim ɗin ma amsoshinsu sun fi kyau.